Ƙasar da ta cinye mini wankan jego

An cuce ni, kuma ba zan ɓoye ba. 'Yata ta fari ta haihu ban yi mata wankan jego ba. Wata ƙasa ce a Turai ta riƙe ta, ƙasar da tsawonta bai kai rabin hanyar Zariya zuwa Kaduna ba.

Tun cikin yana ƙarami na fara tara itace a bayan ɗaki. Na fito da babbar tukunyar ƙarfen da uwata ta dafa mini ruwa a ciki, na sayi kanwa mai kyau, na yi wa mahauci maganar ƙauri. Darbejiyar ƙofar gidanmu ma na hana a karya mata reshe. Haka muka taso a cikin birni, haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Yarinya ta dawo gida, a yi mata wanka safe da yamma, ta sha kunun kanwa, sai an yi arba'in a mayar da ita ɗakinta fes. Sai ga waya, wai likita ya hana ta hawa jirgi. A can ta sauka, aka samu namiji.

Mijinta ya ce zai aiko a kai ni. Na ce a gaya masa na gode, ya riƙe alherinsa. Ni in kwana a gidan suruki? Ɗaki biyu, banɗaki ɗaya, in fito da buta mu yi kiciɓis a ƙofa? 'Ya ce take zuwa gida. Uwa ba ta bin ta.

A lokacin ina zuwa makarantar manya a Tudun Jukun. Na shiga ne bayan rasuwar maigidana, furfura ta riga ta fara mini sallama. Na ce wa Malamarmu ta nuna mini inda aka kai mini 'ya. Ta shimfiɗa taswira ta duba, ta sa tabarau ta sake dubawa. Da ƙyar ta ɗora kan biro a kan wani ɗigo a tsakanin duwatsu. Sunan ma ya fi ƙasar tsawo, sai da ya tsallaka cikin maƙwabta. Liechtenstein. Har yau in zan faɗa sai na yi bisimilla.

Daga nan na sa ta a gaba. Duk abin da waya ta sani a kanta sai na karanta, ina bin baƙi da yatsa, ina neman aibinta. Ran Juma'a ƙanwata takan zo daga Tukur-Tukur, ita nake zazzage wa.

"Kin san ba su da filin jirgi? Sai ka sauka a ƙasar wasu, ka hau jirgin ƙasa, ka hau bas, kamar mai zuwa cin kasuwar ƙauye."

"To Yaya, ke da kike da filin jirgi, sau nawa kika tashi?"

"Rufe mini baki. Soja ma ba su da shi, ko ɗaya. Teku babu, maƙwabtansu ma babu."

"Mu a Zariya wane tekun gare mu?"

Na ce mata sarkinsu a kan dutse ya yi gida, yana leƙen talakawansa daga sama, kuma akwai ranar da suke taruwa a gindin gidan nasa a yi biki sau ɗaya a shekara. Na ce mata kuɗi ma na maƙwabta suke kashewa. Wanda ya fi yi mini daɗi shi ne na ƙuri'a. Mu matan Arewa da ake cewa an bar mu a baya, mun riga matansu fara zaɓe. Da na karanta wannan sai da na rangaɗa guɗa ni kaɗai a tsakar gida.

"Shi surukin naki me yake yi a can?"

"Haƙoran roba suke ƙerawa. An ce duniya da yawa da haƙoransu take tauna tuwo."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ki sa ya aiko miki da na gaba biyu. Amma Yaya, mutum ba ya haddace garin da ya tsana haka. Ko unguwarmu ba ki sani kamar yadda kika san wurin nan ba."

Na kore ta da muciya. Amma da ta tafi na zauna a kan turmi na daɗe. Na san sunan kogin da ya bi ta gefensu. Na san lokacin da sanyinsu yake shigowa. In na idar da sallar la'asar sai in ce yanzu can rana ta kusa faɗuwa, ko 'yata ta sa wa yaron safa?

'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa. Ban taɓa goya ta a gaban mutane ba. Ta yaya zan buɗe baki a waya in ce ina kewarta? Sai dai in ce, "Ke, kina cin abinci kuwa?" Ta ce, "Ina ci, Inna." Shi ke nan mun gama.

Wata ranar Asabar da hantsi ta kira ni ta hoto. Suna bakin titi, ana sauko da shanu daga kan dutse saboda sanyi ya kusa. Kowace saniya da ƙararrawa a wuya, an ɗaura musu furanni a ka kamar amare. Na ce ko Fulaninmu ba su yi wa nagge wannan gata ba. Sai ta juya wayar, ga yaron a hannun wata tsohuwar Baturiya, maƙwabciyarsu. Ita ce ta riƙa kawo mata miya a kwano lokacin da ta haihu. Ya kwantar da kai a kafaɗarta, yana wasa da maɓallin rigarta.

Na ce, "Maigida, ina cefanena? Ka yi sabuwar mata ka manta da ni ko?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya miƙo hannu ya shafa gilashin wayar, sannan ya leƙa bayanta yana nemana. Da bai ga kowa ba ya koma kafaɗar tsohuwar.

"Kullum haka yake yi," in ji uwarsa. "Ya ɗauka a ciki kike zaune."

Ƙararrawar shanu tana ta kaɗawa. 'Yar tawa ta matsa gefe, ta rage murya.

"Inna, bayana har yanzu yana mini ciwo. Ko ruwan zafin nan ne da ban samu ba?"

Yarinyar nan aikin jinya ta karanta. Ita ce take yi mini faɗa a kan tafasasshen ruwa, wai yana ƙona mata, wai kanwa tana taɓa zuciya. Ba ta taɓa yarda da wankan jego ba ko sau ɗaya. Na dube ta, ta dube ni.

Na ce, "Shi ne mana. Da me kike tsammani?"

Ta ce, "To."

Na ce, "Banɗakin naku yana da sakata?"

"Yana da ita, Inna. Kuma shi da sassafe yake fita."

"Ban tambaye ki shi ba."

Da na ajiye wayar na zagaya bayan ɗaki. Itacen yana nan, damina ta bi ta kansa, gara ta fara cin na ƙasa. Tukunyar kuwa kaza ta mayar da ita wurin ƙwai.

Ran Litinin da na idar da sallah na aika wa maƙwabciyata ta kwashe itacen, 'yarta ta kusa sauka. Na ƙulle kanwar a leda na jefa a ƙasan akwati, ko za a sha ko ba za a sha ba. Na ɗauki katin ɗan ƙasa da birona, don na rantse ba zan dangwala yatsa a fasfo ba. Na yafa mayafi, na fita ta Ƙofar Doka, na tsayar da motar Kaduna.