Jikin Hajiya Ya Yi Sanyi

Har yau ina tuna wata Talata cikin Disamba, watana na biyu a gidan yinin tsofaffi da nake zuwa aiki bayan makaranta. Aikina raba shayi ne, da tafinta idan aka kawo mai jin Hausa kaɗai.

Hajiya Tabawa ita ce irin wannan. Ɗanta ya ɗauko ta daga Katsina zuwa nan ƙasar waje, kullum yana kawo ta daga garin McLeansville kafin ya wuce aiki. Farkon zuwanta tana tsokanata, wai Hausata ta gwangwani ce. Da rana ta fara faɗuwa tun ƙarfe biyar, sai ta daina. Na lura tana jan kujerarta zuwa taga, tana bin ɗan hasken da ke faɗowa kan kafet.

Duk wata uku nas takan cike fom a kan barcin kowane tsoho, da cinsa, da walwalarsa. Wanda aka ga duhun hunturu ya danne shi, a tura shi wurin likita, a kuma zaunar da shi gaban fitila mai hasken rana.

A Talatar nan nas ta ce in tambayi Hajiya yadda take ji.

"'Yar nan, jikina ne duk ya yi sanyi," in ji Hajiya.

Na gaya wa nas sanyi take ji. Aka kawo bargo, aka ɗauke ta daga taga zuwa lungun hita mai ɗumama ɗaki. A fom aka rubuta lafiyarta ƙalau.

"Me kika ce musu?" ta tambaye ni.

"Abin da kika ce, Hajiya."

Ta dube ni, ta ja bargon.

A mota na ba Mama labari. Ta ce, "Ke! Sanyin jiki ai ba na bargo ba ne. Zuciyarta ce ta karaya."

Kwana tara ina jin nauyin zuwa ofis in gyara maganar. Ranar da na je, shugabar gidan ta ce an rufe fom, sai Maris. A makon Hajiya ta daina zuwa. Ɗanta ya ce ba ta ko tashi daga gado, wai ƙiwa ce kawai ta tsufa.

Ku sababbin masu tafinta, tsohonmu ba ya cewa yana baƙin ciki, sai ya ce jiki. Fom kuwa abin da kuka faɗa yake ɗauka, kuma ba ya jiran mai kunya.