Sifirin Bindigar Ngasa

Shekara arba'in Luhende yana ƙira a garin Sikonge, kuma duk tsohuwar bindigar da ta ƙi tashi a yankin, maƙerarsa ake kai ta. Ba ya sayen sifirin, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke buga kunamar bindiga. Daga na matacciyar mota yake yankowa, ya goge, ya gasa shi jajir, ya tsoma a baƙin mai, sannan ya mayar da shi wuta a hankali har ya yi shuɗi. Ya ce idan aka bar ƙarfe da taurin farko, tsinkewa yake yi.

Ran nan Ngasa, abokinsa tun suna kiwo, ya kawo bindigar da ya gada, sifirin ya karye biyu.

"Kai tsohon banza, a ɗane kake rataye ta ko?" in ji Luhende.

"To, idan aladun daji suka dawo masarata fa?"

"Yaushe rabonka da su?"

Ngasa ya sosa ƙeya. "Shekara goma sha ɗaya."

"Ka gani? Ba harbi ne ya karya shi ba, jira ne."

Ngasa ya yi dariya, amma Luhende bai taya shi ba. Idonsa ya sauka kan ƙaramar gudumar ɗansa da ke rataye a bango, wadda yake shafa wa mai duk Asabar tun ranar da yaron ya tafi birnin Darussalam neman aiki, bai kuma dawo ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sauke ta, ya daki ƙarfen sabon sifirin da ita.