Sifika Biyar a Falon Maniru Mai Niƙa

Duk wanda ya taɓa kai niƙa kasuwar Shagari ya san rumfar Maniru, ko da bai san sunansa ba. Ita ce ta ƙarshe bayan 'yan albasa, dab da tasha, inda ƙarar inji ke korar hira. Shi kuwa mutum ne dogo siriri, gari ya zauna masa a gira da gemu tun yana saurayi, har ranar da furfurar gaskiya ta fito ba wanda ya lura. In ka yi masa sallama sai ya dubi bakinka kafin ya amsa. In ya amsa kuma ka ɗauka faɗa yake, alhali lafiyar gida kawai yake tambaya.

Ɗan Kajiji ne. Yana shekara sha bakwai babansa ya ga gonar ba za ta ɗauki maza shida ba, ya kawo shi wurin Malam Garba mai inji. Malam Garba na da doka guda, a kanta kuma ya mutu: mai niƙa ba ya toshe kunne. Ranar farko ya ga Maniru ya cusa auduga, ya sa yatsa ya zaro ta ya jefar. Ya ce inji magana yake yi. In faranti ya cinye zai faɗa, in bel ya saki zai faɗa, in tsakuwa ta biyo gero kunne ne zai kama ta kafin ta ɓata wa mutane tuwo. Wanda ya toshe kunne, in ji shi, ɓarza zai yi wa mata ya ce gari ne. Shi kansa Malam Garban a lokacin sai an dafa kafaɗarsa yake waiwayowa, amma ɗan sha bakwai ina ya ga ta wannan lura.

Shekara talatin da huɗu Maniru ya riƙe dokar nan. A yi mata adalci, ta ciyar da shi. Mata daga Mandera, daga Horo Birni, sai su tsallake injuna biyu su sauke kwanonsu a gabansa, don garinsa ba ya buƙatar tankaɗe biyu. Kunnen dama ne ya fara tafiya, bai gaya wa kowa ba. Na hagu ya bi baya a hankali: kukan tsuntsaye ya fara ɗaukewa, sai muryar yara, sai ta mata. Muryar maza mai kauri ita ta rage, ita ma sai an matso an ɗaga. Da kunne ya gaza sai ya koma niƙa da hannu. Ya ɗora tafinsa a jikin injin ya lumshe ido, abin da kunne ke gaya masa a da, fata ta gaya masa. Injin kuma bai tafi da jin haka kawai ba, ya bar masa ƙararsa a cikin kai. Ko an kashe shi, ko ranar Sallah ce, Maniru na jin sa yana ci.

'Ya'yansa biyar, ta fari Ummukulthum. Kunyar 'yar fari ta sa bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar ga" yake cewa har ta yi aure a Horo Birni. Ita kuwa ba ruwanta da wannan kunya, sai ta tsaya gabansa ta kama kunnenta tana nuna masa auduga, shi kuma ya kau da kai yana murmushi a ɓoye. Ita ta matsa ya sayi babbar waya, ta nuna masa inda ake danna saƙon murya tunda karatun boko bai dame shi ba.

Damina biyu da suka wuce, ranar kasuwa, wayar na aljihun riga, rigar na rataye a ƙusa, inji na ci. Sai bayan la'asar wani ɗan kabu-kabu ya shigo rumfar ya riƙe masa hannu. Haihuwa ta zo wa Ummukulthum da gardama, jini ya ɓalle, kafin a samu mota rai ya yi halinsa, da ita da abin da ke cikin. Da Maniru ya sauko da rigarsa ya tarar da kira uku da saƙon murya guda. A gefen saƙon waya ta rubuta tsawonsa, sakan arba'in da ɗaya.

Bayan sadakar bakwai ya miƙa wa matarsa Atika wayar. Ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta daɗe, ta fito ido jawur, ta kai baki kunnensa na hagu.

"Gaishe ka tay yi. Ta ce ka sa mata albarka."

Ya sa mata albarkar. Amma tun daga ranar abu ɗaya ya tsaya masa a rai, ya ji da kunnensa. Bai taɓa zama ya yi hira da yarinyar nan ba, kunya ta cinye shekarun, ga shi ta yi masa magana ta ƙarshe, shi kaɗai, wani ne kuma ya ji masa. Wannan abu ya ci shi, ya rame a tsaye. Ya manna waya a kunne, shiru. Ya sayi ƙaramin akwatin nan mai cin memori, shiru. An kai shi asibiti Sakkwato, likita ya ce jijiyar ji ce ta mutu, ba ta dawowa. Aka ba shi ɗan abin maƙalawa a kunne, abin ya yi ta yi masa fito, ya jefa shi ƙasan akwati. Daga nan Maniru ya yanke nasa hukuncin, wai laifin kayan ne, ƙanana ne. Muryar yarinyar siririya ce tun tana goye, ƙaramar sifika ba za ta iya ɗaukar ta ba.

Ana nan ya kai garin biki gidan wani ɗan kwangila a Bodinga, aka shigar da shi falo shan ruwa. Ya ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarsa. Ya ɗaga kai ya ga 'yan baƙaƙen akwatunan sifika a kusurwa huɗu da guda a tsakiya, mai gidan ya yi masa bayani da hannu cewa sauti ta ko'ina yake zuwa, gaba da baya, dama da hagu. Kafin Maniru ya koma gida ya gama shawara. Muryar da za ta zo ta kowane gefe, ai dole ta samu ƙofar shiga.

Da ma yana da ginin da ya shekara sha ɗaya yana yi a bayan gari, bulo yau, kwano baɗi, nesa da kasuwa don ya huta da hayaniya. Ka ji fa, kurma na gudun hayaniya. Da aka zo filasta sai ya tsayar da magini, ya sa aka binne bututun waya a bangon falo, aka bar rami biyar. Haka suka tare, madafa ko rufi babu, Atika a rana take girki, amma ramukan sifika sun samu murfi.

Ba madafar ce ta dami Atika ba. Ramukan ne suka dame ta, ranar da ta gan su ta tare shi.

"Malam, ka bar abin ga," ta ce a kunnensa. "Wanda yat tahi ya tahi. Addu'a ta ka nema, ba sifika ba."

"Ke kin ji ta," ya ce. "Ni ban ji ba."

Bayan sati biyu da tarewa ya hau mota zuwa Bodinga, shagon Salisu mai kayan sauti. Salisu mutum ne mai baki, amma ba ya sayar wa mutum abin da zai dawo yana tsine masa. Ya fara da tambayoyinsa na kullum: falon taku nawa ne, akwai silin, wutar gwamnati ce ko sola, batirin na iya kwana? Maniru ya amsa rabi daidai, rabi ya amsa abin da ba a tambaya ba. Salisu ya fito da doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin talabijin, ya ce ita ta dace da falon talaka, ba waya ba wahala. Maniru ya ɗora hannu a kanta ya girgiza kai. Salisu ya nuna masa manyan tagwaye irin na gidan biki, ya ce waɗannan ƙarfi ne zalla, maƙwabta za su kai ka ƙara wurin mai unguwa. Maniru ya taɓa, ya daɗe, ya ce daga gaba kawai suke zuwa, ba su ba ne. Sai Salisu ya jawo kwalin da ke can ƙurya, sifika biyar da uwarsu mai kauri da ke zama a ƙasa. Biyu gaba, biyu baya, guda a tsakiya.

Ya jona, ya sa kiɗa, ya ƙure. Masu shagon gefe suka leƙo. Maniru bai ko ƙifta ido ba, hannu kawai yake bi da shi daga wannan zuwa waccan kamar mai zaɓen kankana. A nan Salisu ya gane. Ya rage sauti, ya matso kunnen hagu.

"Malam Maniru, tsakani da Allah, in don kunne na, kayan ga ba magani ba ne. Kada in cuce ka."

"Wacce ka ɗaukar muryar mace?" in ji Maniru.

Salisu ya dafa 'yar ta tsakiya. Ya ce maganar mutane duk ta nan take fita. Ya ce in akwai abin da yake son ji, ya kawo a gwada yanzu, in bai yi ba kowa ya riƙe nasa. Maniru ya dafe aljihunsa ya ce a'a, wannan ba abin kasuwa ba ne. A ɗaure masa kwalin.

Washegari da hantsi Salisu ya zo da tsani da ƙusoshi. Matan unguwa sun cika tsakar gida, sun zo barka da tarewa, tagogin falon ko labule ba a sa ba. Salisu ya zura wayoyin sifika a bututu, ya kafa biyar ɗin a ramukansu, ya ajiye uwar kusa da ƙofa, ya auna tsakiyar falo da ƙafa ya ce nan ne wurin zama. Maniru ya shimfiɗa buzu a wurin ya zauna, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya miƙa waya, ya nuna saƙon da yatsa.

Atika ta shigo da sauri, hannunta duk ƙullu. Ta ce don Allah a bari mutane su watse. Amma ta gefen dama ta tsaya, Maniru kuma idonsa na kan sifikar tsakiya. Salisu da bai san dawan garin ba ya danna.

Muryar Ummukulthum ta cika falon, ta fita ta taga.

"Baba, ni ta. Na kira ka har sau ukku. Baba, jini ya ɓalle min, ya ƙi tsayawa. Maigidana Muhammad Sani na gona, wayar Inna ba ta shiga. In kaj ji wanga, ka samo mota tasha ka taho." Ta yi shiru, ana jin numfashinta yana sarƙewa. "Na san inji na aiki. Ba komi, Baba. In ka kashe shi ka duba waya."

Tsakanin rumfar Maniru da tasha bai kai taku ɗari ba, kuma duk matan da ke tsakar gidan sun sani. Daka ya tsaya. Wata ta fara salati ƙasa-ƙasa. Atika ta sulale jikin bango ta zauna.

Maniru na tsakiyar sifika biyar, kai a karkace, ido a rufe. Abin da ya ji shi ne abin da yake ji kullum, injinsa, daga gaba da baya, dama da hagu.

"Ƙara," ya ce.

Salisu ya dubi Atika. Ba ta ɗago ba. Ya ƙara, saƙon ya sake zagaya gidan, har maƙwabcin da ke gyaran babur a bayan katanga ya ajiye sifana.

"Ƙara."

"Ya kai ƙarshe, Malam."

Maniru ya buɗe ido. Ya ga fuskar Salisu, ya ga matarsa a ƙasa, ya ga mata sun yi cirko-cirko a taga ba mai iya haɗa ido da shi. Ya yafito Salisu da hannu.

"Kai baƙo na, ba ka da abin ɓoye min. Mi tac ce?"

 Salisu ma uba ne. Ya durƙusa, ya kai baki kunnen hagu.

"Gaishe ka tay yi, Malam."

Maniru ya gyaɗa kai a hankali. Ya miƙe ya je gaban sifikar tsakiya, ya shimfiɗa tafinsa a kanta yadda yake yi wa inji, ya ce a sake sawa. Wannan karon Salisu bai dubi kowa ba, ya danna.

Hannun da ya shekara goma yana gane tsakuwa ɗaya a cikin tiyar gero ya bi muryar daga farko har ƙarshe. Kalma ko ɗaya ba ta shiga ba. Amma ya ji inda take sauri, ya ji inda ta yanke, ya ji dogon wurin nan da ba magana sai abu na ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa. Ya san wannan rawar. Haka inji ke yi in mai ya kusa ƙarewa.

Saƙon ya ƙare bai ɗauke hannun ba. Ya juyo ya dubi Atika, ya yi magana da muryarsa ta rumfa, wadda bai san ƙarfinta ba, duk gidan ya ji.

"Mai gaisuwa ba ta numfashi haka."

 Ko an amsa ma, daga nesa ne.

Har yanzu Maniru na niƙa a kasuwar Shagari, garinsa na nan da laushinsa. Wayar ta bar aljihun riga, ya ɗaure ta da roba a damtsen hannunsa, a jikin fata, yana niƙa yana duba ta. Sifika biyar ɗin na bangon falo, Atika na goge musu ƙura ranar Juma'a. Bai ƙara cewa a kunna su ba, bai kuma ƙara tambayar kowa abin da yarinyar ta ce ba.