Bappa Joda, Mai Tsaron Bakin Kwari a Shamaki

Duk ranar da aka kwana da ruwa, Bappa Joda ba ya wucewa kasuwa daga masallaci. Yakan koma gida ya ɗauki shebur, ya naɗe ƙafar wando, ya gangara lungunsu na Shamaki har bakin kwari. A can zai duba inda ƙasa ta zube, ya taka gindin jemar da aka dasa ya ji ko ta kama, ya tura dutse inda ruwa ya soma sabuwar hanya. Sai ya gama sannan ya buɗe rumfarsa ta dusa da kanwa. Ba wanda ya naɗa shi, kuma tun kafin a sami 'yancin kai yake yi.

Ƙasar Gombe yashi ce, ga gangare. Damina ɗaya tana iya cinye lungu. Wannan kwari ya riga ya ci gidaje biyu, na gaba kuwa shi ne na Iya Delu mai ƙosai, wadda katangarta ke kallon ramin.

Tsarin da Bappa ya kawo ba shi da shugaba, ba shi da asusu. Kowane magidanci shi ke da alhakin ruwan da ya sauko daga indararonsa. Zai yi masa hanya, ya jera dutse, ya rage masa ƙarfi kafin ya miƙa shi ga maƙwabcinsa na ƙasa. In kowa ya yi nasa, ruwa yakan isa kwari a gajiye.

Da kuɗin man fetur suka shigo, sai aka shiga rufin kwano, shi kuwa kwano ba ya riƙe ruwa kamar soro. Alhaji Dalhatu mai shagon yadi, wanda gidansa ke can saman lungu, ya rufe ɗakunansa duka da kwano, ya kuma daina fitowa aiki. Ruwansa ya riƙa saukowa da gudu har ya tsaga gindin katangar Iya Delu.

"Bappa, zamani ya wuce shebur," in ji Alhaji. "Mu rubuta takarda Bauchi su turo katafila. Aikin gwamnati ne."

"Rubuta, Alhaji. Amma ka aika wa hadari da kwafe, ya jira amsa."

Bappa bai kai ƙara gun mai unguwa ba, bai kuma yi wa Alhaji aikinsa ba. Kullum da safe sai ya zo da shebur biyu, ya jingine su a ƙofar gidan, ya zauna a dakali.

"Ina kwana, Alhaji? Ba aiki ya kawo ni ba, kunu na zo sha."

"Bafillace da kunu? Ina nonon naku?"

"Shanun sun gudu. Sun ji ƙarar kwanonka."

Maƙwabta sun ce Hajiya A'i, matar Alhaji, ita ta yanke maganar daga cikin zaure: "Alhaji, ko ka ɗauki shebur ɗin nan, ko ka ƙaro min gero." Ya ɗauka. Ya ma sayo duwatsu ya jera fiye da rabonsa, ko da yake har yau yana cewa tausayin geronsa ya ji, ba na Bappa ba.

Katafila ba ta zo ba, amma jami'in ayyuka ya zo, wani mutumin kirki mai suna Cornelius. Ya zagaya, abin ya burge shi, ya ce zai nemi a ɗauki Bappa aiki, da albashi da leburori, hukuma ta karɓi lungun gaba ɗaya. Bappa ya yi godiya, ya ƙi.

"Ranka ya daɗe, ranar da na karɓi albashi, ruwan nan ya zama nawa ni kaɗai. Kowa zai tsaya a ƙofarsa yana nuna min inda ban gyara ba. Ga abin da ya fi ƙarfinmu: kwalbatin babban titi ya yi ƙanƙanta, yana maido mana da ruwa. Wannan naku ne. Ku yi shi, ku bar mana namu."

Cornelius ya bi maganar har aka faɗaɗa kwalbatin. Hukuma ta tsaya a titi, jama'a suka ci gaba da lungunsu.

Bappa, kai ne wanda bai taɓa zagin hukuma ba, bai kuma taɓa jiranta ba. Kai ne ka ƙi a sauke wa mutane nauyinsu, ko da kuwa a kanka za a ɗora shi da lada. Mai shebur, dattijon lungu, ba ka gina kome da za a rubuta sunanka a jiki ba, amma Iya Delu tana kwana a ɗakinta.

Bana gwiwoyinsa sun gaza, ba ya iya sauka ramin. Magidanta sun taru suka roƙe shi ya zaɓi magaji. Ya ce ba sarauta ba ce balle a gaje ta, kowa ya san ƙofar gidansa. Wasu ba su ji daɗin amsar ba, don sun saba a tashe su.

Kwarin bai mutu ba, tsayar da shi aka yi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma wannan ce damina ta farko da ba za a ƙwanƙwasa wa kowa ƙofa ba. Allah ya saka wa Bappa Joda da alheri, ya ba shi lafiya. Sauran godiyar ba a jarida za a yi ta ba. Duk mai gida a saman gangare, a Shamaki ne ko a Arawa, ya fita ya duba inda ruwansa ke zuwa, don akwai mai kwana a ƙasa da shi.