Kawu Sani da Tsagar Bango

Ku da kuka san Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya gama gaisawa da bango. Yana shiga gida zai ƙwanƙwasa nan, ya kara kunne can, kai kuwa hannunka na miƙe a banza. Injiniya ne a kamfanin assurance, wato inshora. In ambaliya ko fari ko zaftarewar ƙasa ta taɓa gida, shi ake turawa ya duba ɓarnar. Matsalar kawai, Kawu bai taɓa sanin an tashi daga aiki ba.

Ranar da muka je Lyon, a nan Faransa, nema mini auren Hadiza, shi ne wakilina. Ana tsakiyar "ina gajiya, ina iyali", sai ya zaro 'yar ƙwallon gilashi irin ta wasan yara, ya ajiye a tsakar falo. Ta gangara sululu har ƙarƙashin kujerar surukina.

"Alhaji, gidan nan yana tafiya."

"Ina za shi, Malam Sani?"

"Kogi. Ku ba mu yarinyar tun bai isa ba."

Kai! Na so ƙasa ta tsage in shige, amma na san ko ta tsage Kawu tsayawa zai yi ya auna faɗinta.

Sai Alhaji Ilu, mai sito a Aubervilliers. Shekarar da fari ya motsa ƙasa, gidaje suka yi ta tsagewa, ya ji cewa Kawu ne zai duba tsagar gidansa na Sevran don kamfani ya biya shi. Ya ce to, ɗan Damagaram ɗinmu ne, an gama! Aka gasa rago, aka kawo fura. Kawu ya ci ya yi nak, ya wanke hannu, sannan ya haska tocila cikin tsagar.

"Alhaji, akwai fenti a cikinta. Farin ne ya zo da buroshi?"

"Haba ɗan'uwa, c'est entre nous, tsakaninmu ne!"

"Wannan tsagar ta girmi ɗanka na fari. Amma naman ya yi daɗi, a ƙunsa mini saura."

Kuma aka ƙunsa masa! Ya shiga jirgin ƙasa na RER da ƙunshinsa, ko a jikinsa.

Kada ku ce mu kaɗai yake wa haka. Wata tsohuwa Bafaransa a bayan Lyon, ruwan sama ya kwashe rabin lambunta ya zuba a gidan maƙwabci. Kamfani ya ce shi gini ya ɗauki nauyi, ba fili ba, kuma ai gini na tsaye. Kawu ya je ya ga ƙasar da ke riƙe da harsashin ita ce ta tafi, ɗakin kwananta na leƙen rami. Ya ce dole a gyara. Patron ɗinsa, wato maigidansa a wurin aiki, ya kira shi ofis a Paris.

"Monsieur Sani, ƙasa ce ta lalace, ba gida ba."

"To a kan me gidan yake zaune, patron? A kan iska?"

"Ka dai sa hannu cewa lafiya lau yake."

"Zan sa. Ka kwaso madam da yara ku kwana a ciki damina guda, in kun fito sai in sa."

Aka hana shi ƙarin girma, aka mayar da teburinsa kusa da bayi. Ya ce ya gode, dama alwala na yi masa nisa. Amma an gina wa tsohuwar katangar da ta tare ƙasar, tana cikin gidanta har yau.

Da Kawu ya rasu, ranar ta'aziyya tsohuwar ta biyo jirgin ƙasa da sandarta, ta zauna cikin matanmu da ɗan kallabin da aka ara mata. Ba ta jin ko kalma guda ta Hausa, amma duk sa'ar da muka ce amin, sai ta ce amin.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Amin.