Askin Maradi

Shekara tara ban biya kuɗin aski ba. Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ita ke rage mini suma da almakashinta na ɗinki, ranar Lahadi da hantsi, bayan ta tura ƙyauren gida ta tokare shi da turmi. A garinmu namiji ba ya miƙa wa mace kansa, ko da matarsa ce. In labari ya fita, har rumfar mahauta sai an yi hira da kai. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni inda ake gyara mini wannan suma, zagaye kamar an kifa ƙwarya, sai in ce Maradi. Ina aikin kai takardu a wani buron gwamnati a Agiye, kuma jifa-jifa akan aike ni Maradi, saboda haka maganar ta zauna.

Ta rasu gab da faɗuwar damina, shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai. Wata huɗu ban taɓa kaina ba. Ba alwashi na yi ba, ban dai tuna ba ne. Sai da wata Juma'a hulata ta ƙi zama, ta faɗo a sahun gaba, kashegari kuma shugaban buronmu ya ja ni gefe ya yi mini ta'aziyya karo na biyu, yana magana yana kallon saman kaina.

Abin da nake so kaɗan ne: a rage tsawon, a bar sumar yadda ta bar ta. Albashi kuwa a lokacin yana zuwa ne in ya ga dama.

Akwai mai aski ɗaya kusa da tasha da ke da injin hannu da babban madubi. Shekara tara ina wuce ƙofarsa. Ina sa ƙafa ya miƙe tsaye.

“Maraba da mutanen Maradi! Lafiya? Hanya ce ta yanke?”

Na ce lafiya lau, na tambayi kuɗin ragin suma.

“'Yan gari dala arba'in. Kai dala ɗari.”

“Don me?”

“Haba Malam. Kan da ya saba da Maradi in yi mashi kuɗin ƙauye? Ai raini ne.”

Gaskiyar tana bakina, amma akwai mutum uku a kan benci suna saurare. Na ce zan yi shawara, kamar mai tayin rago.

An kuma kwatanta mini wata rumfa da wata sabuwar jam'iyya ta kafa, inda ake aski kyauta in ka karɓi kati. Na je na tsaya daga nesa. Duk wanda ya fito, kansa iri ɗaya da na wanda ya riga shi, har a masallaci ana gane su ta ƙeya. Na juya.

Ranar kasuwar Cadawa aka ba ni wasiƙa in kai can. Bayan na miƙa ta, na hangi wani tsohon wanzami a gindin bishiya, kusa da wani tela mai keke, da zabirarsa da ɗan rediyo a kan tabarma. Babu wanda ya san ni a wurin. Wanzamin ya ce dala goma. Na zauna na yi masa bayani: ba ƙwal nake so ba, ragi kawai.

Ya cusa yatsu cikin sumar yana lalube kamar mai zaɓen kankana.

“Wa ke maka aski?”

“A Maradi ake yi mini, Baba.”

“Uhm. Maradi.” Ya ci gaba da lalube. “To mai askin Maradin nan bahago ne. Kuma ba aska yake sawa ba, ba inji ba. Almakashin ɗinki ne.”

Tela ya dakatar da kekensa. Ni kuwa na zuba wa ƙasa ido, domin mai ɗakina bahaguwa ce.

“Amma ya iya ɓoye sanƙo, wannan na ba shi.”

“Wane sanƙo?”

Ya kama yatsana ya kai shi can tsakiyar kaina ta baya. Na ji wuri sumul, faɗinsa ya kai murfin gwangwanin tumatir.

“Ya fi shekara uku a nan. Ka ga na gefen nan, da gangan aka bar shi da tsawo, ana kwantar da shi a kai. Wannan aikin haƙuri ne. Yana nan?”

“Babu rai.”

“Allah ya jiƙan mai wannan hannu,” in ji shi. Bai ƙara tambaya ba.

Sai a lokacin na gane abin da ya sa take daɗewa a bayana da mataji, ina mita cewa wuyana ya gaji, tana cewa in zauna tukuna.

Na roƙe shi ya gwada ko zai iya. Ya ce shi ɗan aska ne, uban shi ma haka, amma tunda na nace, tela ya ara masa almakashi. Tela ya ce gashi yana dakushe almakashi, ba zai bayar ba sai in yana tsaye a kan aikin. Haka aka yi. Ya rataya igiyar awo a wuya ya tsaya gabana.

Da farko abin ya tafi daidai. Sai rediyo ya soma kawo taron Yamai, wani yana ta faɗa wa manya magana da ƙarfi. Tsohon ya ce, “Yawwa, gaya masu!” Na ji ƙyas a bayan kunnena, wani curi mai nauyi ya faɗo kan cinyata.

“Baba, ka cinye hannun dama,” in ji tela.

“To, sai a daidaita hagu.”

Aka daidaita hagu. Tela ya ja da baya ya kanne ido ɗaya ya ce yanzu dama ce ta yi tsawo. Aka koma dama. Kafin a yi zagaye na huɗu mutane sun taru, kowa da shawararsa. Wani mai goro ya ce tunda yanzu dimokuraɗiyya ake yi, a ɗaga hannu: masu cewa a aske, da masu cewa a bari haka. Har da wanda ya ɗaga hannu sau biyu.

Tsohon ya daka musu tsawa. “Kan ku ne? Ku ba mutum wuri!” Ya miƙo mini ɗan madubinsa.

Na duba. Babu sauran abin da ta bari, sai ɗan tsiri a gaba. Na daɗe ina kallo, ba don akwai abin kallo ba.

Na ce, “Baba, aske.”

Ya kashe rediyon da kansa. Ya jiƙa kan, ya wasa askarsa a tafin hannu, ya yi aikin da ya gada, a hankali. Da ya gama ya tattara gashin tsaf, ya tona ɗan rami a gindin bishiyar ya binne, yadda aka saba don kada iska ta watsa shi. Na juya ina kallon masu sayar da albasa har ya gama.

Tela ya nemi dala biyar ta almakashi, tsohon ya ce ya je ya karɓa wurin waɗanda suka ɗaga hannu. Na miƙa dala goma. Iska ta bugi kaina, na ji sanyi har cikin haƙora, ga rana tsaka.

“Ka dawo bayan mako biyu,” in ji shi, yana nannaɗe zabira. “Sanƙon ya rage mini aiki, amma ba na rage kuɗi.”