Gwangwanin Kofur Manu

Duk wanda ya san Kofur Manu na Maikujera ya san gwangwaninsa. Kowace Juma'a sai ya goge shi da toka kafin ya goge haƙoransa, ya cusa shi cikin tsohuwar safar soja, ya rataya a wuya. Ni taubashinsa ne, don haka ni kaɗai nake da ikon tsokanarsa in tsira da kunnena.

Daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, ya zo da shi. A can aka haɗa shi da wata rundunar Amurkawa masu yaƙi a ƙasa, yana ja musu alfadarai cikin kurmi. Wani daga cikinsu, wanda Manu yake kira Dogo, shi ya miƙa masa gwangwanin a gindin wani tudu, ya hau da 'yan uwansa, ba a sake ganinsa ba. Manu ya ce ajiya ce, kuma ba mai buɗe ta sai mai ita ya dawo.

"Manu, mi ac ciki?"

"Amana."

"Ita amanar, ci aka yi ko sha?"

"Kai dai bakinka aka rufewa!"

Mutane kuwa suka yanke cewa bam ne, shi kuma ja'irin bai taɓa ƙaryatawa ba. Ranar da za mu haye gulbi zuwa kasuwar Goronyo, kwalekwale ya cika maƙil. Manu ya fito da abinsa, ya kara a kunne, ya ce, "Af, yau shina motsi." Wallahi wani mai albasa da buhunsa ya faɗa ruwa! Muka haye muna miƙe ƙafa kamar 'ya'yan hakimi.

Shekarar da gero ya ƙi, matarsa Inno ta ɗauko wuƙa ta nufi safar. Ya tare ta a bakin ɗaki.

"Malam, ɗiya na kuka, kai kana goyon ƙarfe!"

Sai ya kwashi takalmansa na soja, waɗanda ko ranar Salla ba ya takawa don kada su lalace, ya kai Wurno ya dawo da dawa. Inno ta ce da ta sani, da tun bara ta ɗauko wuƙar.

Da Baturen mulki ya zo rangadi Rabah, Manu ya ƙame a gabansa, ya sara, ya tambaye shi ko ya san Dogo. Baturen ya ce ta bakin tafinta ƙasarsu daban, amma a kawo gwangwanin, zai sa a aika. Manu ya mai da gwangwani cikin riga.

"Ranka shi daɗe, cewa yay yi shi ka dawowa. Bai ce shi ka aiko yaro ba."

Dogarai suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

Bayan rasuwarsa, Liman ya ce ajiya ba ta shiga gado, sai dai a yi sadaka da ita da sunan mai ita. Kowa ya ja baya taki goma, aka tura ni, wai ni ne taubashi. Na kafa wuƙa ina salati. Jama'a, wake ne! Wake dafaffe, ya ruɓe har kajin gidan suka watse. Ga rumbun marigayi nan kusa cike da wake. Muka yi ta dariya a gidan makoki, har Liman na share ido.

Saje Bawa na Taloka, wanda suka yi Bama tare, shi kaɗai bai dara ba.

"Ba ajiya ba ce," in ji shi. "Ina wurin. Kwana biyu Manu bai sa komi baki nai ba, Dogo yab ba shi rabon shi, yan nuna mai baki, shi ci. Manu ya gane sarai. Ce mani yay yi, in yac ci, ya yarda ke nan mutumin bai sabkowa."

Shekara goma sha ina yi masa ba'a, ban taɓa tambayarsa da gaske ba, kuma abin yana cin raina har yau. Allah Ya jiƙan Manu, Ya yalwata masa kabarinsa. Wanda ya ciyar da shi a gindin tudu kuma, Kai Ka san inda yake kwance, ya Allah.